Telan da Bai Tsuguna wa Baba Ba

Maigidana ba ya son in ba da wannan labari. Da na ɗauko shi gaban baƙi sai ya miƙe wai zai je ya duba akuya, alhali ko kaza ba mu ajiye ba. To yau ga shi na rubuta, sai ya je ya duba raƙumi. Sunansa dai ba zan faɗa ba, don ba a gidan da mace ke kiran sunan miji aka haife ni ba. Tela nake ce masa tun muna zance, Tela kuma zan ce masa a nan.

Ni 'yar Matankari ce. A lokacin ina karantar da yara a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin Dogon Dutsi, ina zaune wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Shagon Tela yana kan hanyata. Na kai masa atamfa ɗinkin riga da zane, sai mutumin nan ya mai da ni 'yar zarya: yau saura wuya, gobe saura hannu, jibi zare ya ƙare. Ranar da na je da niyyar in wanke shi tas in ƙwace kayana, sai ya buɗe akwati ya ciro rigar a ninke, har an goge ta. Ya ce tuni ya gama ɗinkin, ganina ne bai gama ba. Na yi tsaki na fita. Ban kai bakin titi ba na kama kaina ina murmushi ni kaɗai kamar sakarya.

Saurayi ne a lokacin, bai kai talatin ba, ƙaƙƙarfa, ga fara'a, ga wata jar moto, wato babur, da yake wankewa fiye da yadda yake wanke ƙafarsa. Abu ɗaya na lura da shi. In zai tashi daga kan keken ɗinki sai ya dafa ƙugu ya ce "wash", ya ɗan tsaya kafin ya taka. Na ɗauka iyayi ne irin na masu sana'a, don a san suna shan wahala.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Baba. Manomi ne, kuma da damin hatsi yake auna namiji. In ka ɗaga dami ka aza a kai ba a taya ka ba, to kai mutum ne a wurinsa. Ya sha faɗa a tsakar gida cewa ba zai ba raggo ko mai ciwo-ciwo ɗiyarsa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma duk gidan ba wanda yake sakar wa fuska kamar ni. Amma akwai wani miki a zuciyarsa. Yayana, ɗansa na fari, ya tafi fatauci, ya zauna gaban malamai, ya dawo da gemu da ɗagaggen wando da karatu mai yawa. Ranar da ya iso, Baba na zaune kan tabarmarsa a gindin itacen bedin ƙofar gida, sai Yaya ya yi sallama ya miƙa masa hannu daga tsaye. Ya ce ba raini ba ne, shi dai ya karanta cewa ba a sunkuya wa kowa sai Allah. A wurinmu kuwa yaro ba ya gaida babba sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Baba ya dubi hannun nan ya kau da kai. Ni ban shiga gardamar ba, ba ni da karatunta. Abin da na sani, Yaya bai taɓa fasa aiko da shinkafa da sabulu ba, Baba kuma bai taɓa karɓar hannunsa ba, kuma abin yana cin su su biyun.

Da maganarmu ta yi ƙarfi, Gwaggo ta kai wa Baba, aka ce Tela ya zo gaisuwa bayan ƙaramar salla. Duk wanda ya san tela ya san abin da azumi yake yi masa. Watan nan gaba ɗaya mutumin yana kan wani guntun benci, a duƙe, ƙafa na taka keke, ba ya tashi sai salla da buɗa-baki. Ni kuwa na riga na tafi Matankari hutu, ban san halin da yake ciki ba.

Suka iso da hantsi shi da abokinsa. Na laɓe bayan darni ina leƙe ta wata 'yar kafa. Ya sha farar shadda ɗinkin hannunsa, wallahi ya yi kyau. Abokin ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa. Tela ya tuɓe nasa, ya ɗan rage tsawo kamar zai sauka, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya tsaya ƙiƙam. Ya rasa yadda zai yi da kansa, kawai sai ya miƙa wa Baba hannu.

Inna lillahi! Da ƙasa ta tsage a lokacin nan da na shige. Ga ɗan gemu ya tara, don azumi bai bar shi ya je wurin wanzami ba. Ga ƙafar wando ya naɗe saboda moto, ya manta bai sauke ba. Baba ya dubi hannun, ya dubi gemun, ya dubi wandon. Ya amsa gaisuwar abokin shi kaɗai, ya ce a kawo wa baƙi ruwa, ya tashi ya shige gida. Da yamma na ji yana ce wa Gwaggo, wadda ita ma ta zo salla, "Guda ya ishe ni. Ba ni ƙara wani cikin gidana."

Na koma Dutsi da wuta a bakina. Ko sallama ban yi ba na faɗa shagon.

"Kai, in wa'azi za ka fara, duk Arewa ba ka ga wanda za ka fara da shi ba sai Babana? In ba ka sona ai sai ka faɗa mini, ba sai ka ɗauki moto ka je har ƙofar gidanmu ka kunyata ni ba!"

Ya bar ni na zazzage duka. Sannan ya janye ƙafar wandonsa ta dama. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul, har ba a ganin ƙoƙonta.

"Madan," ya ce, don haka yake kirana saboda lakwal, "ba ƙi na yi ba. Kasawa na yi."

A nan ya ba ni labari. Tun yana ɗan saurayi ya taɓa faɗuwa a wurin ƙwallo, gwiwar ta murɗe, aka ja ta aka ɗaure, ya ɗauka shi ke nan. Ciwon baya kuwa, tun da ya buɗe shago yake damunsa. A azumin nan su biyun suka haɗa masa kai, har ya zama a gefen sahu yake salla, ƙafa a miƙe.

"To bakinka ciwo yake? Me ya hana ka faɗa?"

"In ce wa mahaifinki ni mai ciwon gwiwa ne da ciwon baya, ciwon tsofaffi, kuma na zo neman ɗiyarsa? Ba ke kika ba ni labarin dami ba?"

Ni ce kuwa. Na zauna kan tarin ƙyallaye, tausayi ya kama ni, dariya ta kama ni, sai kuma tsoro ya biyo baya. In an yi shiru, Baba zai ci gaba da ganinsa mai girman kai. In an faɗa, ya zama mai ciwo-ciwo. Ni kuma duk duniya wannan telan nake so, ba wani ba. Hanya ɗaya ta rage, gwiwar nan ta warke ta je ta tsuguna.

Gwaggo da ta ji, ba ta yi wata-wata ba ta gano ciwon. Ta ce yaro mai jini a jika ba ya ciwon gwiwa haka kawai. Akwai wata tsamiya a hanyar Ɗan Kassari, inda yake zuwa cin kasuwa, kowa ya san doguwa ce a wurin, shi kuma sai ya bi da moto yana ta ɓaɓatu ba sallama. Ta kawo turare da wani ƙullin saiwa. Tela ya yi godiya, ya karɓi saiwar, ya ce turaren a ajiye masa tukuna. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a baya, ya ji daɗi kwana biyu, abu ya dawo. Abokinsa kuma ya sayo masa ƙwayoyi wurin masu talla a kai, ja da fari da rawaya, wai ɗaya in ya sha zai iya kokawa. Zafin ya lafa kam, amma sai cikinsa ya ɗauki wuta, ko kunu ya sha sai ya riƙe ƙirji. Ranar da na iske shi yana haɗiyar ƙwayar nan da shayi, cikinsa ba komai, na kwashe su na watsa a kwata. Na ce gobe asibiti, ko kuma ya nemi wata Madan ɗin.

Muka je mu uku da Gwaggo, don ba za a ce an gan ni ni da saurayi a asibiti ba. Likitar wata 'yar siririyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta danna nan, ta lanƙwasa can, ta sa shi ya ɗaga ƙafa, ta tura shi aka ɗauki hoton ƙashi. Ta ce ƙashi lafiya lau. Sai ta tambaye shi tsawon bencinsa. Ya nuna da hannu. Ta girgiza kai.

Ta ce ba shi kaɗai ba ne, samari da 'yan mata da yawa suna zuwa mata da irin wannan: teloli, 'yan kabu-kabu, masu yini kan kujera a ofis, da masu ɗaga buhu da baya maimakon su lanƙwasa ƙafa. Jiki ba ya son dogon zama wuri ɗaya a duƙe. Naman cinya shi ke riƙe gwiwa, in ya yi sanyi sai duk nauyi ya koma kan gaɓa, balle gaɓar da ta taɓa jin rauni. "Ga kuma wannan," ta ce, ta nuna ɗan tumbin da ya fara ajiyewa da bakin alƙalami. Gwaggo ta ce ai wannan alamar rufin asiri ce. Likita ta ce gwiwa ba ta san da haka ba.

Ta hana shi ƙwayoyin talla, ta ce su ne suka ƙona masa ciki. Ta rubuta masa magani na ɗan lokaci. Gwiwa in ta kumbura, tsumma mai sanyi. Baya in ya ƙage, tsumma mai ɗumi. Ta ce kada ya kwanta ya ce jinya yake, kwanciyar ƙara masa za ta yi. Ya ɗaga benci, ya sa masa majingina, ya riƙa tashi yana miƙewa, ya riƙa tafiya da ƙafa. Sai ta koya masa motsa jiki. Ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafa a miƙe, ya riƙe, ya sauke a hankali. In kumburi ya saɓe, ya jingina bayansa da bango ya sauka kaɗan kamar mai zama kan kujerar da babu ita. Ta ja masa kunne cewa in ya ji ƙafa ta mutu, ko zazzaɓi ya shigo, ko fitsari ya rikice, ya dawo ba jira.

"Likita," in ji Tela, "yaushe zan iya tsugunawa har ƙasa?"

"Kada ka yi gaggawa. Me kake nema a ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Aure."

Matar nan da ba ta yi ko murmushi ba tun shigarmu, sai da ta cire tabarau ta yi dariya.

Daminar nan ban taɓa jin daɗin wata kamarta ba. An yi hutun lakwal, amma na ce wa mutanen gida Gwaggo na bukatata, na zauna a Dutsi. Kafinta ya yi wa Tela sabon benci mai tsawo da majingina. Moto aka lulluɓe ta da buhu, ya koma zuwa shago da ƙafa. Yankan yadi kuwa a tsaye yake yinsa kan tebur. Kullum da safe sai ka gan shi manne da bangon shago, gwiwa a lanƙwashe, cinya na rawa, ido ya fito. Maƙwabtansa suka samu abin yi. Mai shayi ya ce, "Tela, an sace kujerar ne?" Mai faci ya ce a'a, kujerar iskoki ce, mu ne ba mu ganinta. Ni kuma in biyo da kwanon ƙosan Gwaggo, in tsaya in ce, "Sauka, sauka, ba a yi mini ha'inci, ni malamar lakwal ce." In ya gama in ba shi ƙosai biyu in cinye sauran a gabansa, saboda tumbi.

Ba a dare ɗaya aka samu sauƙi ba. Akwai ranakun da ya ce shi ya gaji, wannan wasan yara ne ba magani ba. Da babbar salla ta ƙarato ya so ya koma gidan jiya, sai da muka yi faɗa sosai kafin ya mayar wa wasu da yadinsu. Baya ne ya fara saki. Wata rana ya tashi daga keke ya je ya ɗauko almakashi, na ce, "Tela, ina wash ɗin?" Ya tsaya ya dafa ƙugu yana nemanta, babu. Muka yi ta dariya har mai shayi ya leƙo. Gwiwa ta fi taurin kai, amma ita ma kumburin ya saɓe, ya koma tsakiyar sahu. Gwaggo ta ce saiwarta ce ta yi aiki, ba wanda ya yi mata musu.

Ita kuma Gwaggo duk daminar tana kan Baba. Ba ta faɗa masa zancen gwiwa ba, sai dai, "Yaya, yaro ne, ruɗewa ya yi, a sake dubawa." Allah ya taimake mu hatsi ya yi kyau shekarar. Ana cikin yanka, rumbu na cika, ran Baba fari ƙal, sai ya ce, "Shi zo. Amma shi zo shi kaɗai."

Likita ta ce masa rabi kawai zai sauka, kada ya kai ƙasa tukuna. Ya ce to. Ya zo a motar kasuwa, haɓa a aske tas, wando har yana sharar ƙasa. Ni ina wurina bayan darni. Ya tuɓe takalmi, ya fara sauka a hankali. Ya kai rabi, na ce a raina tsaya nan. Bai tsaya ba. Ya tafi har ƙasa, gwiwar ta ce ƙas, har inda nake na ji.

Baba ya gyara zama. Na san halinsa, gwaji zai yi. Ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Dutsi da ruwan bana da kasuwa. Daga nan ya ɗauko labarin shekarar da fara ta cinye musu gona tun yana yaro, labarin da mu 'yan gida in ya fara sai kowa ya tuna yana da aiki. Tela na tsugune yana "Ikon Allah, Baba", gumi na bin wuyansa, shadda ta manne a baya. Ni kuwa na ciji gefen mayafina har na huda shi.

Can dai Baba ya ce, "To madalla. Tashi ka zauna bisa tabarma."

Tela bai motsa ba.

"Na ce tashi, yaro."

"Nan ma ya yi, Baba."

"Haba, ladabin ya isa hakanan."

Tela ya dafa ƙasa ya yunƙura, ya koma. Ya sake, ya koma. Sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba na iya tashi."

Ya faɗa masa komai, daga ƙwallo har bencin shago har kujerar bango. Baba ya dubi gwiwar, sannan ya shiga tambayarsa.

"Ran nan ma ita ce?"

"Ita ce, Baba."

"Gemun fa?"

"Aikin salla ne ya hana ni aski."

"Wandon?"

"Moto."

Ban taɓa jin Baba ya yi irin dariyar nan ba. Ya yi har ya kwanta gefe, hularsa ta faɗi, tari ya sarƙe shi. Da ya samu kansa sai ya miƙe, ya tsaya a kan Tela, ya miƙa masa hannu. Baba da kansa! Ya kama shi ya ɗaga shi cak, ya riƙe shi har ƙafar ta tsaya. Ban san lokacin da wata ƙara ta kuɓuce mini ba.

"Uwata," in ji Baba, ko waiwayowa bai yi ba, "na san kina nan, darni ba shi numfashi. Kawo kujera."

Na kawo kaina a ƙasa. Tela ya zauna a ɗofane, ya ce, "Zancen dami kuwa, Baba, a yi mini haƙuri zuwa baɗi."

"Wane dami? Kana bisa wagga gwiwa ina ta zuba, ba ka ce uffan ba. Ka ɗauki abin da ya fi dami. Ka turo manyanka."

Ranar ban taka ƙasa ba don murna. Tela dai ya sha faɗa wurin likita, gwiwar ta ɗan tashi, aka koma tsumma mai sanyi da bango. Amma wa ya damu!

Bayan la'asar na kai wa Baba fura. Ya karɓa bai sha ba, yana ta juya ludayi. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Uwata, shin yayanki, shi ma ko gwiwar ce?"

Na san amsar, shi ma ya sani. Na ce, "Wa ya sani, Baba. Yana yawan doguwar tafiya a mota."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne. Zaman mota ba daɗi."

Ana jibi ɗaurin aure Yaya ya iso. Ina cikin lalle, hannu da ƙafa a ɗaure, amma da na ji sallamarsa sai da na ja jiki zuwa kafar darnin nan. Ya tsaya gaban tabarma kamar kullum, ya miƙa hannu, fuskarsa ta riga ta shirya wa a kau da kai. Baba ya sa hannu biyu ya kama.

"Sannu da hanya. Ina gwiwa?"

Yaya ya yi sororo. "Gwiwa? Lafiya lau, Baba."

"To, Allah shi ƙara sauƙi."

Bai saki hannun ba. Idon Yaya ya kawo ruwa. Sai ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarmar, hannunsa na cikin na Baba, suka shiga zancen hatsi. Ni ina bayan darni hawaye na zuba, ga lalle ya hana ni sharewa.